Sawun Jakin Yero

Da hantsin Litinin, washegarin kasuwar Filinge, aka aika a kira Nuhu mai bin sawu. Kafin ya iso butik, wato kantin Alhaji Bashir, rabin unguwa ta riga shi, an tattake ƙasar wurin kamar masussuka. Ya tsaya yana duban ƙafafun mutane. Tun yana saurayi yake bin sawun raƙuma da shanun sata daga Kurfai har Sanam, yanzu ga furfura ta cika masa gemu, kuma ya sani in jama'a ta riga shi wuri, to ta riga ta yanke hukuncinta.

An ɓalle kwaɗon ƙofa da ƙarfen cire taya, an yar da ƙarfen a nan. Sukari na nan, shayi na nan, taliya da batir ba wanda ya taɓa. Sigari kaɗai aka kwashe, sabon zuwa daga Yamai, irin wanda doka ta ce sai an buga masa hoton gargaɗi. Hoton wannan zuwan wuyan mutum ne da jan rami a maƙogwaro, ya cinye rabin kwalin.

Ɓarawo kuwa an riga an samu. Wani makiyayi mai suna Yero ya gangaro daga wajen Abala ya sayar da awaki, ya kwana bayan butik da jakunansa biyu. Da aka ga ƙofa a ɓalle, sai aka ga ɗayan jakin jiƙe da gumi, ga yagaggen kwalin sigari maƙale a igiyar akumarinsa. A shekarun nan da daji ya lalace, kowa ya san maganar da ake yi, cewa masu bindiga ba sa shigowa gari, sai dai a kai musu mai da sigari. Ba wanda ya tambayi Yero komai. Lokacin da jandarmomi suka ƙwace shi, ba ya iya tsayuwa.

Ajidan, shugaban jandarmomin da ke aiki ranar, ya ja Nuhu gefe. Mutum ne mai sanyin magana, kuma a gajiye yake. Ya ce labari ya riga ya kai Yamai ta waya, an ce a haɗa mutumin da ayarin soja da zai wuce gobe. In ya tafi da wannan zargi a kansa, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa.

"Ni ban ce shi ne ba, Baba, ban ce ba shi ba ne. Ka samo mini abin da zan riƙe."

*

Yero yana kwance a kan tabarma a bayan ofis. Idonsa na hagu ya kumbura har ba a ganin inda yake buɗewa. Nuhu ya tsuguna ya gaishe shi, ya jira numfashinsa ya daidaita.

Yero ya ce shi da asuba ya bar jakunan da dabaibayi, ya tafi masallacin tasha, daga can ya wuce kara, kasuwar dabbobi, neman wanda ya yi masa alkawarin dusa. Da ya dawo ya tarar da taro. Ya matso ya ga me ake kallo, sai wani ya nuna shi. Nuhu ya tambaye shi ko yana shan sigari, ya ce ko goro bai iya ci. Ya tambaye shi ko jakin nan yana yarda da baƙo. Yero ya ce yana yarda a hau shi, amma ba ya nisa da ɗan'uwansa, ko ina aka sake shi zai dawo.

Nuhu ya miƙe zai tafi, Yero ya kama bakin rigarsa.

"Baba, tun jiya ba su sha ruwa ba."

Sai da ya kai jakunan rijiya sannan ya ci gaba. Yana ba su ruwan yana duban kofaton mai gumin. Na baya na dama ya tsage a gefe.

*

A gidan likita ya sami Madam Safiya, ma'aikaciyar lafiyar da ke zagaya kasuwa tana duba kwalayen taba. Ba ta ɓoye zarginta ba. Ta ce a kasuwar da ta wuce ta kwashe wa Ibrah mai tebur a tasha sigarin da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya, marar hoto. Ibrah ya rantse a gaban mutane cewa Alhaji Bashir ne ya kai tsegumi, kuma sai ya gani. Ga ƙarfen taya kuma, kayan ƴan tasha ne.

Ibrah bai musa rantsuwar ba. Yana zaune bayan teburinsa yana korar ƙuda daga alawa, ya ce baki ne kawai, zafin rai ne. Shi a Abala ya kwana, da motar safe ya shigo, a tambayi direba. Nuhu ya tambaya, direba ya tabbatar, har da mata biyu da suka zauna kusa da shi. Ƙarfen kuwa direban ya gane shi, nasa ne, a ƙarƙashin bencin rumfar kamasho yake ajiye shi, kuma duk wanda ya taɓa aiki a tasha ya san wurin.

Ibrah ya ƙara da cewa ko kyauta aka ba shi wannan sigari ba ya so. Mutane ba sa son riƙe shi. Wanda ya saya ma juye karan yake a gwangwani ya yar da kwalin.

"Nan tasha ko sunanshi ba a hwaɗi. Sai dai mutum ya ce, ba ni Abdu kara biyu."

Ya fara dariya, sai ya tuna da wanda yake magana, ya haɗiye ta.

Abdu mijin Hajara ne, ƙanwar Nuhu. Shekara da shekaru shi ne ɗan kamashon motocin Yamai, in ya ɗaga murya ya kira Yamai, har mahauta a can ƙarshen kasuwa suna ji. Bara cuta ta kama masa maƙogwaro, aka yi masa aiki a Yamai, ya dawo da rai, babu murya, da ƙyalle ɗaure a wuya. Nuhu ba mai zaman tasha ba ne, bai taɓa jin ana kiran sigarin da sunan surukinsa ba. Ya dubi Ibrah har Ibrah ya sunkuyar da kai, sannan ya tafi.

*

A bakin gari ta gabas, inda ƙafar mutane ta ragu, ya sami tsagaggen kofaton. Nan Dijatu mai masa take kafa tandarta tun kafin rana ta fito. Ta ce ta ga mai jaki ya wuce da duku-duku, da buhu a gabansa, ya naɗe fuska da rawani. Ta gaishe shi har sau biyu bai amsa ba.

"Shi ya sa nac ce baƙo na. Ɗan gari ba ya wuce gaisuwa."

Ta ce haka ta faɗa wa mutane da safe, ta kuma tambaya ko gaskiya ne idon mutumin ya fashe. Nuhu ya ce bai sani ba tukuna.

Sawun ya bi ta cikin gonakin da ba a shuka ba, ya nufi gindin dutse. Rana ta take, yashi yana ƙuna ta cikin takalmi. Jakin ya yi ta ƙoƙarin juyawa gida, ana karkato da shi da igiya. Nauyin da ya ɗauka bai kai na cikakken namiji da buhu ba. Nuhu ya so ya ga tafin mahayin ko sau ɗaya, amma mutumin bai sauka ba sai cikin wani kwazazzabo mai tsakuwa, inda ƙasa ba ta riƙe komai.

Can ya sami toka. An tara ƙirare an ƙone kwalaye, iska ta fara watsa baƙin. A gefe, ƙarƙashin wata sabara, ga karan sigari tsibi guda, farare, ba abin da ya same su. Mutumin ya zauna yana buɗe kwali ɗaya-ɗaya, yana zube karan, yana jefa kwalin a wuta. Da ya gaji, sai ya tura sauran buhun gaba ɗaya cikin wutar. Wanda zai kai wa ƴan daji ba zai yi haka ba, wanda zai sayar ma haka.

Nuhu ya zagaya wurin a tsugune. Kusa da dutsen da mutumin ya jingina ya ga guntun sigari guda, an sha shi har gindi. Ya ɗauka ya juya a tafin hannu. Ya ga guntaye ba iyaka a rayuwarsa, a sansanin ɓarayin shanu da bakin rijiyoyi. Kowane mashayi yana barin alamarsa, wani ya tauna, wani ya matse da leɓe, wani ya jiƙa da yawu. Wannan a mulmule yake kamar yanzu aka zaro shi, haƙori bai taɓa shi ba, leɓe bai matsa shi ba. Sai wani siririn zobe da ya kewaye shi, na jini da ruwan miki, ya bushe.

Ya daɗe a tsugune. Ya nemi wata fassarar, ya juya ta ko'ina, bai samu ba. Ya ƙulle guntun a bakin rawaninsa, ya kamo hanyar gari, bai ƙara duban ƙasa ba.

*

Hajara tana tankaɗe a tsakar gida. Ta yi masa sannu da rana, ta kawo ruwa, ya karɓa ya ajiye bai sha ba. Abdu yana kwance a rumfa, ya rame har ƙashin kafaɗa ya fito, ƙyallen wuyansa yana motsi da kowane numfashi. Ƙafafunsa fari fat da ƙurar dutse.

Nuhu ya zauna kusa da shi, ya kwance bakin rawani, ya buɗe masa tafin hannu. Abdu ya duba, ya rufe ido.

Hajara ce ta yi maganar, a tsaye, da rariya a hannu. Ta ce ta san yana shan sigari ta ramin da aka yi masa a wuya. Tun ba su daɗe da dawowa daga Yamai ba ta kama shi a bayan ɗaki. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ɓoye ashana, ta haɗa shi da Allah, shi ma ya yi kuka ya koma. Jiya kuma ɗiyarsu Haske ta dawo daga kasuwa ba ta sayar da furarta ba. Wani ya jefa mata kwalin sigarin nan a cikin ƙwarya, ya ce ta kai wa babanta hotonsa. Abdu yana ji daga rumfa. Da asuba Hajara ta farka ba ta gan shi ba, sai da hantsi ya shigo yana dafa bango.

"Yaya, ka ce sawun ya ɓace. Dutse na, kowa ya san dutse ba ya riƙe sawu. Dube shi. Kwana nawa ya rage mishi?"

Nuhu ya ce da sigarin kaɗai ne, da ya faɗa haka, kuma ba zai ji komai ba. Sai ya ba su labarin mai jakin, da abin da aka yi masa a bayan butik, da ayarin da zai wuce gobe.

Abdu bai sani ba. Tun da ya shigo ba wanda ya gaya masa. Ya yunƙura ya zauna, ya nuna idonsa, ya dubi Nuhu. Nuhu ya ɗaga kai alamar haka ne. Bakin Abdu ya buɗe, kafaɗunsa suka kama rawa, amma ba abin da ya fito sai wani siririn fito daga ƙarƙashin ƙyallen. Hajara ta ajiye rariya ta shiga ɗaki. Da fiton ya lafa, Abdu ya miƙa hannu yana laluben takalminsa.

*

Bayan la'asar Ajidan ya tara su a rumfar ofis. Ga Alhaji Bashir, ga Ibrah, ga Madam Safiya da Dijatu. An fito da Yero an jingina shi da ginshiƙi. Mutanen gari sun cika bakin ƙofa. Abdu yana can ƙarshen benci, kowa ya ɗauka rakiyar surukinsa ya yi.

Nuhu ya yi bayani a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce Ibrah ya yi rantsuwa, amma ba ya gari. Ya ce jakin Yero ne ya ɗauki kayan, amma wanda ya hau shi ba mai shi ba ne, don duk hanya jakin yana neman juyowa, da aka sake shi kuma ya dawo wurin ɗan'uwansa shi kaɗai. Ya ce sigarin yana nan a kwazazzabo, a aika a gani, kwalayen aka je ƙonawa, kuma an kai su nesa ne don kada wuta ta kama kasuwa. Ya ce Dijatu ta faɗi gaskiya, an gaishe da mutumin bai amsa ba.

"Ba don baƙo na ba. Ba shi da abin amsawa."

Ya ajiye guntun a kan teburin Ajidan, ya nuna zoben. Ya buɗe baki zai faɗi sunan, sunan ya ƙi fitowa. Abdu ya tashi da kansa, ya tako har gaban teburin, ya kwance ƙyallen wuyansa.

Na bakin ƙofa da ke turereniya suka daina. Ibrah ya rufe fuska da hularsa.

Madam Safiya ce ta fara magana. Ta ce hoton ba Abdu ba ne, ba ma ɗan ƙasar nan ba ne, haka ya zo a buge. Ranar da ta je tasha wayar da kai ta ɗaga shi, wani ya ce ai Abdu ne, aka yi dariya, Abdu yana zaune a bencin kamasho. Ta tsawata, ta ɗauka ya wuce. Ta juya wajen Abdu ta ce ya yafe mata. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, tun da hoton ya zo samari sun fara zuwa wurinta suna tambayar yadda ake barin sigari, abin da ba ta taɓa gani ba. Ko tana da ikon cire shi, ba ta san ko za ta cire ba. Kuma ba ta da ikon.

Alhaji Bashir ya ce shi ya bar wa Allah, kada a rubuta komai da sunansa. Ajidan ya dubi Abdu, ya dubi ramin, ya ce ya koma gida, in an neme shi an san inda yake. Na Yero kuwa ya ce zai buga waya, ba za a sa shi a ayari ba, amma sakinsa ba a hannunsa yake ba, sai an amsa daga can. Ya tambayi taron bakin ƙofa ko akwai wanda ya ga waɗanda suka yi dukan. Kowa ya dubi na kusa da shi. Ya tambayi Nuhu. Nuhu ya ce sawun da ke bayan butik na rabin kasuwa ne.

Abdu ya je ya durƙusa gaban Yero. Ya kama hannunsa, bakinsa yana motsi. Yero ya dube shi da ido ɗayan, ya daɗe, sannan ya tambayi Nuhu me mutumin yake cewa. Nuhu ya ce gafara yake nema. Yero ya zare hannunsa a hankali, ya juya fuska wajen bango.

*

Sai da kasuwa ta sake ci aka saki Yero. Idon bai tashi ba. Nuhu ya raka shi har bayan gari da jakunansa, ya ba shi guzurin gari da dabino, ya karɓa ya wuce. Ba a ƙara ganinsa a Filinge ba. Motar Alhaji Bashir ta kawo sabon kaya da hoton nan dai. A tasha an daina faɗin sunan da ƙarfi, amma Nuhu ya ji ana faɗi ƙasa-ƙasa. Hajara ta daina zuwa gidansa, in sun haɗu a hanya gaisuwa kawai.

Ranar da aka wayi gari da ruwan farko, sai ga ta a ƙofarsa ko mayafi ba ta gyara ba. Ta ce Abdu ya fita tun da safe, an duba tasha da masallaci da gidajen dangi. Kwana biyu ko kunu ba ya wucewa.

"Yaya, ka nemo min shi."

Ƙasa a jiƙe take, ko makaho ya bi wannan sawu. Taku gajeru, ƙafa tana ja, nan ya tsaya ya dafa katanga, can ya durƙusa ya tashi. Ya bi bayan gari ya yi kudu, ya hau wani ɗan tudu da ke kallon hanyar Yamai. Nan Nuhu ya same shi a gindin gawo, ya jingina, yana kallon wata mota da ta ɗauko fasinja tana fita gari, kaya har sama.

Nuhu ya zauna kusa da shi. Ya ce Hajara tana nemansa. Abdu ya ɗaga kai alamar ya ji. Nuhu ya ce in ya huta sai su koma, zai goya shi in ya kasa. Abdu ya ci gaba da kallon hanya.

A cinyarsa akwai karan sigari guda, a ƙasa kuma ga tsinkayen ashana a warwatse, duk sun karye ba su kama ba. Hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya daɗe yana duban Nuhu, sannan ya miƙo masa kwalin ashanar.

Nuhu ya riƙe shi. Ya tuna ƙanwarsa da ke tsaye a ƙofar gida tana duban hanya. Ya duba ko akwai wata magana da ta rage wadda ba a gaya wa mutumin nan ba, a Yamai ko a gida, bai samu ba. Abdu ya ɗaga ƙyallen da yatsa, ya kai karan sigarin bakin ramin, yana jira.

Nuhu ya matso ya tare masa iska da jikinsa, ya ƙyasta, ya kawar da kai.